Nikolai Andrusov (1861–1924): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Fahimtar Asalin Baƙin Dutsen Laka na Ƙasan Teku

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Nikolai Ivanovich Andrusov, masanin ilimin duwatsu ɗan ƙasar Rasha, tun daga haihuwarsa a birnin Odesa a 1861 har zuwa rasuwarsa yana gudun hijira a birnin Prag a 1924. An fi mayar da hankali a kan tafiyar binciken da ya shiga a tekun Bahar Aswad a 1890, inda aka gano cewa ruwan da ke can ƙasan tekun ba shi da iskar oksijin, cike yake da iskar kibiritu mai guba. Maƙalar ta nuna yadda wannan ganowa ta zama mabuɗin fahimtar yadda baƙin dutsen laka mai ɗauke da ragowar halittu yake samuwa, wato dutsen da mafi yawan man fetur na duniya ya fito daga cikinsa. Ta kuma fayyace inda Andrusov ya yi daidai, da inda wasu masana suka gyara masa, da abin da ake taƙaddama a kansa har yau.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yashe tsohon kududdufi da rani ya san lakar da ke kwance a ƙasansa. Baƙa ce wuluk, mai santsi, tana kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai. Baƙin nata da warin nata duk tushensu ɗaya ne: ganyaye da gansakuka da sauran matattun halittu sun nutse a inda iska ba ta kaiwa, sai ruɓewarsu ta tsaya a rabi. Abin da ke faruwa a kududdufi cikin 'yan shekaru ya sha faruwa a ƙasan tekuna cikin dubban ɗaruruwan shekaru. Irin wannan laka, idan wata ta taru a kanta ta danne ta, takan daskare ta zama dutse mai ɓarewa falle-falle kamar shafukan littafi. Shi ne ake nufi da baƙin dutsen laka a cikin wannan maƙala. Dutsen laka na yau da kullum bai cika ɗauke da abin da ya kai kashi 1 cikin 100 na sinadarin kabon na halittu ba, amma baƙin nan yakan ɗauki kashi 2 zuwa 10, wani lokaci har 20 cikin 100.

Masana na ƙarni na 19 sun san wannan dutse a ƙasashe da dama, domin ana haƙar sa ana ƙonawa, ana kuma tatsar mai daga cikinsa. Abin da ya gagare su shi ne nuna wani teku mai rai a zamaninsu wanda irin wannan laka ke kwantawa a cikinsa. Ƙa'idar ilimin duwatsu kuwa ita ce a fassara abin da ya shuɗe da abin da ake gani yana gudana a yanzu. Mutumin da ya kawo wannan shaida bai fita neman ta ba. Masanin kumba da katantanwa ne, ya shiga teku neman halittu masu rai, ya tarar da wurin da babu su.

2.0 Haihuwarsa, Tashinsa da Karatunsa

An haifi Andrusov a ranar 19 ga Disamba, 1861, a Odesa, babbar tashar jiragen ruwa ta daular Rasha a gaɓar Bahar Aswad, wadda a yau take cikin ƙasar Yukren. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ruwa ne, mai lura da hanyar jirgi. Ya tashi a garin Kerch da ke gabashin Kirimiya, a nan ne kuma ya yi karatun sakandare. Ƙasar Kerch kamar an shimfiɗa ta ne domin mai son karanta duwatsu: akwai farar ƙasa cike da ɓawon kumba da katantanwa na zamanin da, akwai jan dutse mai tama, akwai kuma ƙananan tuddai masu aman laka da iskar gas. Tun yana ɗan makaranta ya fara tsintar waɗannan ɓawo yana adanawa, kuma wannan yanki ne ya yi ta komawa gare shi a rubuce-rubucensa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1880 ya shiga Jami'ar Novorossiysk da ke Odesa. Ya yi dace da malamai, domin a lokacin akwai Ilya Mechnikov, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 1908, da Alexander Kovalevsky, dukansu manyan masana ilimin dabbobi, sai kuma Ivan Sintsov a fannin duwatsu. Wannan haɗi na ilimin dabbobi da na duwatsu ya bar masa tambari. Idan ya ɗauki ɓawon kumba, tambayar da yakan fara yi ita ce wane irin ruwa wannan dabba ta rayu a cikinsa, mai gishiri ko marar gishiri, mai zurfi ko na gaɓa. Lokacin da Mechnikov ya bar jami'ar a 1882 sakamakon matsin lambar hukuma, Andrusov yana cikin ɗaliban da suka sa hannu a takardar nuna rashin amincewa. Wannan ya jawo masa asara, domin da ya kammala a 1884 ba a riƙe shi a jami'ar ba duk da ƙwazonsa.

Rufewar wannan ƙofa ce ta kai shi Turai. Ya sami tallafin karatu, ya tafi Biyana inda ya zauna da Eduard Suess da Melchior Neumayr, ya kuma je Munich wurin Karl von Zittel. Makarantar Biyana a lokacin ta shahara da nazarin wani tsohon teku da ya taɓa mamaye ƙasashen da ke tsakanin Austiriya da tsakiyar Asiya, wanda Bahar Aswad da tekun Kasfiyan da tafkin Aral ragowarsa ne. Andrusov ya dawo gida da wannan babban hoto a ransa. A 1889 ya auri Nadezhda, 'yar Heinrich Schliemann, Bajamushen nan da ya haƙo kufan birnin Troy. A 1890 ya kare kundin digirinsa na biyu a kan farar ƙasar Kerch da halittun da ke cikinta.

3.0 Abin da Aka Sani Game da Bahar Aswad Kafin 1890

Bahar Aswad teku ne da ƙasa ta kewaye shi kusan ta ko'ina. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 400,000, zurfinsa kuma ya wuce mita 2,200. Manyan koguna irin su Danube da Dnieper da Dniester suna zuba masa ruwa marar gishiri daga arewa da yamma. Hanyarsa ɗaya tilo zuwa Bahar Rum ita ce mashigin Bosforus da ya ratsa birnin Santambul, wanda siriri ne kuma ba shi da zurfi sosai. Tun a 1681 Luigi Marsigli, ɗan Italiya, ya bayyana cewa ruwa biyu ne ke gudana a wannan mashigi: na sama yana fita daga Bahar Aswad, na ƙasa mai gishiri da nauyi yana shiga. Shekaru 200 bayan haka, a 1881 zuwa 1882, hafsan sojan ruwan Rasha Stepan Makarov ya auna waɗannan igiyoyi biyu daki-daki. Amma abin da wannan ruwa mai nauyi yake yi bayan ya gangara cikin zurfin tekun, babu wanda ya bincika.

A ɓangaren halittu kuwa, ra'ayin masana ya riga ya sauya. A 1843 Edward Forbes, ɗan Birtaniya, ya yi hasashen cewa babu rai a teku ƙasa da kimanin mita 550. Tafiyar jirgin Challenger ta 1872 zuwa 1876 ta rushe wannan hasashe, domin an samo halittu daga zurfafan wurare a duk manyan tekunan da jirgin ya ratsa. Saboda haka, a 1890 abin da mai hankali zai zata shi ne ƙasan Bahar Aswad ma yana da nasa mazauna. Andrusov ma yana da dalili na musamman na son ganin su: yana fatan su ba shi labarin alaƙar wannan teku da Kasfiyan da Bahar Rum.

4.0 Tafiyar Jirgin Chernomorets

Andrusov yana cikin waɗanda suka gabatar wa Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Rasha shawarar a binciki zurfin tekun. Ma'aikatar sojan ruwa ta ba da wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Chernomorets. A tsakiyar shekarar 1890 jirgin ya tashi a ƙarƙashin jagorancin Iosif Spindler, tare da Ferdinand Wrangel masanin ruwa, Andrusov kuma, yana da shekara 28, aka ɗora masa nazarin halittu da lakar ƙasan teku. Sun yi kimanin wata guda suna ratsa tekun. A kowane zango sukan zura igiya su auna zurfi, su ɗebo ruwa daga matakai daban-daban, su auna sanyinsa da gishirinsa, sannan su ja wata na'ura mai kama da koma a ƙasa ta kwaso laka.

4.1 Ruwa Marar Numfashi

Abu na farko da suka ci karo da shi hanci ne ya shaida shi kafin awo. Ruwan da aka ɗebo daga ƙasa da kimanin mita 200 yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wato warin iskar kibiritu, wadda masana kimiyyar sinadarai ke kira haidurojin salfaid. Iskar guba ce, kuma ba ta zama wuri ɗaya da oksijin. Komar da aka ja a zurfi ta fito da laka mai duhu, ba tsutsa, ba kaguwa, ba kifi, ba wata dabba mai motsi. A shekara ta gaba, 1891, aka sake komawa da masanin sinadarai Arseny Lebedintsev, wanda ya auna yawan iskar ya kuma nuna cewa tana ƙaruwa gwargwadon zurfi. A yau an san cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Bahar Aswad ba shi da oksijin, kuma shi ne mafi girman irin wannan ruwa a doron ƙasa.

Andrusov ya danganta lamarin da tsarin ruwan. Ruwan koguna marar nauyi yana shimfiɗe a sama da gishirin da bai wuce kashi 18 cikin 1,000 ba, ruwan da ya shigo ta Bosforus kuma yana kwance a ƙasa da gishirin kimanin kashi 22 cikin 1,000. Bambancin nauyin ya hana su gauraya, kamar yadda mai ke tsayawa a kan ruwa. A manyan tekuna, ruwan sama yakan yi sanyi a yankunan ƙanƙara ya nutse, ya kai oksijin har ƙasa. A Bahar Aswad ko sanyin hunturu bai isa ya sa ruwan sama ya keta wannan shamaki ba. Matattun halittu kuwa ba su daina zubowa daga sama ba, ruɓewarsu ta cinye ɗan oksijin da ke ƙasa, babu kuma hanyar da sabo zai shigo da yawan da zai maye gurbinsa.

4.2 Kumbar da Ba ta Wurin Ba

Abu na biyu sai mai ido irin na Andrusov ne zai gane darajarsa. A cikin lakar da aka kwaso daga zurfi akwai ɓawon matattun kumba, musamman na jinsin Dreissena, da wasu katantanwa 'yan uwan waɗanda ke zaune a tekun Kasfiyan. Waɗannan halittu ba sa rayuwa a ruwa mai gishirin Bahar Aswad na yanzu, balle a ruwa mai guba. Andrusov ya yanke cewa a wani zamani da bai yi nisa ba a ma'aunin tarihin ƙasa, Bahar Aswad babban tafki ne mai ɗan gishiri kaɗan, a yanke daga Bahar Rum. Da ruwan Bahar Rum ya sami hanya ya shigo, sai mazauna tafkin suka halaka, ruwan ya rabu hawa biyu, ƙasan kuma ya shaƙe.

Muhimmancin wannan fahimta shi ne ta nuna cewa rashin oksijin a ƙasan teku yanayi ne mai mafari, mai kuma dalili. Teku ɗaya yana iya kasancewa mai numfashi a wani zamani ya shaƙe a wani, kuma lakar da ke ƙasansa tana adana shaidar sauyin. Mai nazarin tsoffin duwatsu da ya ga shimfiɗar baƙin dutse tsakanin shimfiɗu biyu masu haske yanzu yana da hanyar karanta abin da ya faru.

5.0 Tushen Iskar: Inda Aka Gyara Masa

Game da inda iskar kibiritun ta fito, Andrusov ya karkata ga cewa daga ruɓewar jikin matattun halittu ne kai tsaye, domin akwai kibiritu a cikin naman kowace halitta. Ba a daɗe ba aka nuna cewa wannan ɗan ƙaramin kaso ne kawai na labarin. A farkon shekarun 1890 Nikolai Zelinsky, masanin sinadarai a Odesa, tare da abokin aikinsa Brusilovsky, sun nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin lakar ne ke samar da iskar. A 1895 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware irin bakteriyar da ke yin wannan aiki ya bayyana ta. Abin da take yi shi ne, idan oksijin ya ƙare, sai ta koma amfani da gishirin salfet da ke narke a ruwan teku domin cin matattun halittu, ta fitar da iskar kibiritu a matsayin shara. Wato mafi yawan kibiritun daga ruwan teku yake, matattun halittu kuwa abinci ne ga bakteriyar.

Wannan gyara bai rushe ginin Andrusov ba. Sharaɗin da ya gano, wato rabuwar ruwa da yankewar oksijin, shi ne ke ba wa bakteriyar fili. Ya kuma yi ƙoƙarin isar da sakamakon ga masana na waje. A 1893 mujallar Geographical Journal ta Landan ta buga bayaninsa a kan binciken, a 1897 kuma ya rubuta babi a kan Bahar Aswad a littafin jagora na taron masana ilimin duwatsu na duniya karo na 7 da aka yi a St. Petersburg. John Murray, wanda ya tsara rahotannin tafiyar Challenger, ya wallafa nazari a kan lakar Bahar Aswad a 1900.

6.0 Daga Lakar Bahar Aswad Zuwa Baƙin Dutse

A 1901 Josef Pompeckj, masani Bajamushe, ya kwatanta baƙin dutsen laka na kudancin Jamus, wanda ya kwanta kimanin shekaru miliyan 183 da suka wuce, da abin da aka gano a Bahar Aswad. A 1904 Henry Potonié ya raɗa wa irin wannan ruɓaɓɓiyar laka suna safrofel, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar ruɓa da laka. Daga baya masana suka ɗauki tsohon sunan da Girkawa da Rumawa ke kiran Bahar Aswad da shi, Pontus Euxinus, suka mayar da shi siffar duk wani ruwa marar oksijin mai iskar kibiritu, na yau ko na da. Ga yadda bayanin yake a taƙaice.

A saman teku, inda hasken rana ke kaiwa, ƙananan tsirrai da ido ba ya gani suna yaɗuwa, ƙananan dabbobi suna cin su. Idan suka mutu, gawarwakinsu da kashinsu sukan dunƙule su riƙa sauka a hankali. A teku mai oksijin, mafi yawan wannan abinci ana cinye shi a hanya, abin da ya isa ƙasa kuma tsutsotsi da kumba da bakteriya su gama da shi. Abin da ke tsira har a binne shi bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka samar a sama ba. Inda babu oksijin, dabbobin ƙasa ba sa nan, bakteriyar salfet kuma ba ta iya narkar da wasu sinadarai masu tauri, musamman masu maiƙo. Sai kaso mafi girma ya tsira ya gauraya da lallausan yumɓun da ke sauka tare da shi.

Wannan ya warware alamomi uku da aka daɗe ana gani a jikin baƙin dutsen laka. Na farko, siraran shimfiɗu da ba su hargitse ba, domin babu tsutsar da za ta tona lakar ta dama ta. Na biyu, ƙwayoyin wani ma'adini mai ƙyalli kamar tagulla, wanda ke samuwa idan iskar kibiritu ta haɗu da ƙarfen da ke cikin laka. Na uku, kyawun adana gawarwaki. A Holzmaden ta Jamus an haƙo manyan dabbobin teku masu kama da kifi daga irin wannan dutse, wasu da zanen fatarsu, wasu da 'ya'ya a ciki, domin babu mai cin mushe da ya taɓa su.

Idan aka binne wannan laka a ƙarƙashin kilomita 2 zuwa 4 na wasu duwatsu, nauyi yakan matse ruwanta, ragowar halittun kuma ta rikiɗe ta zama wani daskararren abu da ake kira kerojin. Zafin cikin ƙasa, daga kimanin digiri 60 zuwa 150 a ma'aunin Salsiyos, shi ke dafa kerojin cikin miliyoyin shekaru ya fitar da ɗanyen mai, idan zafin ya ƙaru kuma ya koma iskar gas. Man yakan tsiyaye daga dutsen lakar ya taru a duwatsu masu ƙofofi kamar na yashi, inda ake haƙo shi.

7.0 Shekarun Farfesa da Aikin Kasfiyan

Andrusov bai tsaya a Bahar Aswad ba. A 1894 ya shiga binciken tekun Marmara a jirgin Turkiyya mai suna Selanik. A 1897 ya shiga binciken Kara-Bogaz-Gol, wani lungu na gabashin Kasfiyan inda ruwa ke ƙafewa gishiri ya kwanta, wanda ya zama misalin yadda manyan shimfiɗun gishiri na zamanin da suka samu. A wannan shekara ce ya kare kundin digirinsa na uku a kan dangin Dreissena masu rai da waɗanda suka shuɗe, wato dangin kumbar nan da ya tsinta a lakar 1890.

Ya zama farfesa a Jami'ar Yuryev, wadda a yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, daga 1896 zuwa 1904, sannan a Jami'ar Kiyef daga 1905 zuwa 1912. Daga nan ya koma St. Petersburg, inda aka zaɓe shi cikakken ɗan Cibiyar Kimiyya ta Rasha a 1914, ya kuma jagoranci gidan adana duwatsu na cibiyar. Babban aikinsa a waɗannan shekaru shi ne jera shimfiɗun duwatsun yankin Bahar Aswad da Kasfiyan bisa shekarunsu, ta hanyar kumba da katantanwar da ke cikin kowace shimfiɗa. Sunayen matakai da ya kafa, irin su Chokrak da Meotis da Akchagyl, har yau da su ake aiki. Aikin yana da amfani na zahiri, domin a farkon ƙarni na 20 rijiyoyin Baku suna samar da kusan rabin man fetur na duniya, masu haƙa kuwa suna buƙatar sanin wace shimfiɗa suke ciki. Daga baya aka tabbatar da cewa babban tushen man wannan yanki shi ne duhun dutsen laka na jerin Maikop, wanda ya kwanta a tsohon tekun nan a lokacin da ƙasansa ke fama da ƙarancin oksijin, kamar jikansa Bahar Aswad.

8.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Juyin juya halin 1917 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun wargaza rayuwar Andrusov kamar yadda suka yi wa dubban masana. A 1918 ya koma Kirimiya, ƙasar ƙuruciyarsa, ya koyar a sabuwar Jami'ar Taurida da ke Simferopol. A 1919 labarin mutuwar babban ɗansa Leonid ya iso masa, bai jima ba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. A 1920 iyalinsa suka fita da shi daga ƙasar ta Santambul, wato ta mashigin Bosforus ɗin nan da ya gina bayaninsa a kansa, suka nufi Faransa. Bayan ɗan zama a Paris ya koma Prag, inda 'yan gudun hijirar Rasha da yawa suka sami mafaka. Duk da rashin lafiya da rabuwa da tarin samfuran da ya shafe shekara 40 yana tarawa, an buga babban littafinsa a kan matakin Apsheron a 1923. Ya rasu a Prag a ranar 27 ga Afrilu, 1924, yana da shekara 62. Ɗansa Dimitri Andrusov ya gaje shi, ya zama jigon ilimin duwatsu a ƙasar Sulobakiya, ɗansa Vadim kuma ya zama masassaƙin gumaka a Faransa. An sa sunansa ga wani tudu da ke ƙarƙashin tsakiyar Bahar Aswad, da kuma wasu tuddai a kan wata.

9.0 Makomar Ra'ayinsa Bayan Rasuwarsa

Andrei Arkhangelsky da Nikolai Strakhov sun ɗora daga inda ya tsaya, suka wallafa tarihin samuwar Bahar Aswad a 1938 bisa samfuran laka masu tsawo. A 1969 jirgin binciken Amurka Atlantis II ya zaro ginshiƙan laka daga zurfin tekun, aka ga shimfiɗu uku a jere. A ƙasa akwai lakar tafki mai haske, a tsakiya akwai baƙar safrofel mai kabon da ke kaiwa kashi 20 cikin 100 a wasu wurare, a sama kuma akwai siraran shimfiɗu fari da baƙi. Awon shekaru ya nuna cewa ruwan Bahar Rum ya shigo kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, baƙar lakar kuma ta fara kwantawa bayan haka. Jerin da Andrusov ya karanto daga ɓawon kumba ya tabbata. Abin da masana suka saɓa a kai shi ne ko shigowar ruwan ta kasance kwatsam ko sannu a hankali.

Sai dai an gano cewa Bahar Aswad ba shi kaɗai ne tafarki ba. A gaɓar Peru da ta Namibiya teku a buɗe yake, amma ruwa mai taki yana tasowa daga ƙasa, tsirran teku su yi yawan da ruɓewarsu ke cinye oksijin, laka mai arzikin kabon ta kwanta. A 1976 Seymour Schlanger da Hugh Jenkyns, bisa sakamakon haƙar ƙasan manyan tekuna, sun nuna cewa akwai lokutan da ƙarancin oksijin ya game tekunan duniya, kamar wanda ya faru kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce. A wannan zamani ne teku ya malalo ta kwarin Binuwai ya ratsa Sahara, kuma dutsen lakar Fika da na Pindiga da ke arewa maso gabashin Nijeriya daga wannan teku suka samo asali. An kuma lura cewa da yawa daga shahararrun baƙaƙen duwatsun laka, har da na Holzmaden, sun kwanta ne a tekunan da ba su kai Bahar Aswad zurfi ba.

Taƙaddama mafi zafi ta taso ne a kan wane dalili ya fi ƙarfi. A 1980 Gerard Demaison da George Moore sun jaddada rashin oksijin. A 1990 Thomas Pedersen da Stephen Calvert sun ce yawan abin da ake samarwa a sama ne ya fi muhimmanci, suka kuma kafa hujja da lakar Bahar Aswad ɗin kanta. Mafi yawan masana a yau sun tsaya a kan cewa abubuwa uku ne ke aiki tare: yawan samarwa, da kyawun adanawa, da saurin taruwar laka. Idan yumɓu ya zubo da yawa sai ya tsarma ragowar halittun, idan kuma ya yi ƙaranci sai ta daɗe a fili ta lalace.

10.0 Kammalawa

Rayuwar Andrusov ta nuna amfanin malamin da ya ƙware a ƙaramin abu har ya iya karanta babba da shi. Duk wanda ke cikin jirgin Chernomorets ya shaƙi warin ruwan, amma ɓawon kumbar da ke cikin lakar sai wanda ya yi shekaru yana tsintar irinsa a tuddan Kerch ne ya san abin da yake faɗa. Ya yi kuskure a kan tushen iskar, misalin da ya samar kuma bai isa ya fassara kowane baƙin dutsen laka ba. Duk da haka, shi da abokan tafiyarsa ne suka fara nuna wa masana teku mai rai wanda ƙasansa ya shaƙe, suka nuna dalilin shaƙewar, suka kuma nuna cewa tana da lokacin da ta fara. Tambayar tana da nauyi a yau fiye da zamaninsa, domin awo ya nuna cewa oksijin na tekunan duniya yana raguwa sakamakon ɗumamar yanayi da kwararar takin zamani daga gonaki, kuma masu nazarin wannan matsala har yanzu Bahar Aswad ne ɗakin gwajinsu na farko.